In faifan RAID 1 ya lalace: yadda za ka ceto fayilolinka kafin ka taɓa "Rebuild"

Tun kafin a je ko'ina, in ka ji sabar ofis ko akwatin NAS (akwatin aje fayiloli da kwamfutocin ofis ke jone da shi) na kuka tit-tit-tit, ko fitilar faifai guda ta koma ja, ko allo ya rubuto maka "Degraded", don Allah ɗan'uwa janye hannunka daga "Rebuild" da "Repair". Kar ka danna. In Windows ya ce faifan na son fomat ka ce a'a, in ya kawo maka "Initialize" ka rufe, kar kuma ka bari chkdsk, mai duba faifai na Windows, ya fara aiki a kai. Ni dai abin da na fi gani a sana'ar ga, ba mutuwar faifai ke cinye bayanan mutane ba, hannun mai gyara ne, wanda ke gaggawar ganin koriyar fitila ta dawo kafin oga ya dawo daga azahar.

RAID 1, wanda ake ce ma madubi, faifai biyu ne da ake rubuta ma abu guda lokaci guda, duk abin da ya shiga wannan ya shiga wancan, shi ya sa in ka sa biyu masu 2TB, 2TB kawai za ka gani ba 4TB ba. Ba sabon abu ba ne, sunan ma tun 1987 wasu masu bincike a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, Patterson da Gibson da Katz, sunka fito da shi. Ɗauke shi awa mai shago a babbar kasuwa da ya aje yara biyu kowa da littafin bashinsa, duk wanda ya ci bashi su biyun su rubuta. In littafi guda ya jiƙe akwai na biyu, lafiya lau. Amma in yaro guda ya daina rubutu tun watan azumi ba wanda ya lura, littafinsa na nan tsaf ba yagewa ba datti, sai dai duk abin da anka ci daga azumi zuwa yau babu shi ciki.

To wanga shi ne abin da ya fi faruwa. Faifai guda ya fita layi tuntuni, ƙila ma ba lalacewa ya yi ba, wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar rubutu ko kebul ya saki, na'ura ta jefar da shi ta ci gaba da guda, kuma da yake sabar na kulle cikin sito ba wanda ke jin kukanta, sai ranar da na biyun ya fara ciwo sannan a kira ka. Oga zai ce maka "Malam, wallahi jiya ma lafiya lau muka tashi", kuma gaskiyarsa ce, bai san watanni ke nan abin na tafiya da ƙafa guda ba. In ka zo ka ga tsohon nan yana da lafiya ka ce ai shi ne mai kyau, ka sa a sake gini, wato "Rebuild", daga kansa, ka shafe sabon aiki da tsoho da hannunka. In kuma ka sa sabon faifai ka ce a gina daga mai ciwon, to sake gini sai ya karanta kowace sekta, wato ƴan gurabun da ake rubuta bayanai a jikin faifan, daga farko har ƙarshe ba hutu, faifan da ke ɗingishi nan yake ƙarasawa. Ka tuna galibi rana guda anka saye su, awoyin aikinsu guda, zafi guda sunka sha. Zafin Sakkwato kuwa daga Maris zuwa Mayu ya wuce digiri 40 a waje, balle cikin akwatin ƙarfe a ɗakin da ba fanka, ga ƙurar hunturu da ta toshe ƙofofin iska tun Janairu, alhali yawancin masu ƙera faifan iyakar da suke yarda da ita wajen digiri 60 ce.

Yanzu ya danganta da yadda ka iske abin. In na'urar na kunne, foldoji na buɗewa, ba wata ƙara daga faifan, kar ka kashe tukuna, jona faifan waje ka kwashe abin da ya fi muhimmanci yanzun nan, fayil ɗin akanta, sakamakon ɗalibai, takardun fili, ba fina-finan da masinja ya tara ba. Faifai mai ciwo wani lokaci in ya kwanta ba ya sake tashi. Amma in kana jin ƙas-ƙas-ƙas, ko kwafin ya tsaya cak yana ja, kashe kawai.

Kafin ka zare komai ɗauki hoto da wayarka, allon da saƙon da ya rubuto, bayan akwatin, wane kebul ke ina. Samo salatif na takarda da maka ka rubuta A a kan na ramin farko, B a na biyu, ka kwafe lambar siriyal ɗin kowane a takarda. Mutane na raina wanga mataki, amma ƙarfe biyun dare ido ya yi nauyi faifan nan biyu kamarsu guda.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwamfutar tebur mai ramukan SATA, filash da ka sa ma Linux irin SystemRescue ko Ubuntu ta hanyar manhajar Rufus ko Ventoy, da sabon faifai da ya fi waɗanda za ka ceto girma, in da hali wanda zai ɗauki kwafin su biyun har ya rage wuri, wato ga masu 2TB ka nemi 6TB ko ka sayi biyu. Sai wuta tsayayya, inbata ko sola da UPS a tsakani, don lafiyayyen faifai mai 2TB in yana ba da 100MB a daƙiƙa sai ya ci awa biyar da rabi, mai ciwo kuwa kwanaki. Kar ka dogara da canjin layi zuwa janareta. Ƴar adaftar USB ɗin nan ta laftof kuma ka bar ta, babban faifai na son 12V da USB ba ya bayarwa, kuma ko mai caja ce in ta ci karo da sekta mara kyau sai ta riƙa yankewa, wasu ma suna canza girman sekta su nuna 4096 maimakon 512 sai ka ga faifan awa ba komai cikinsa. Jona kai tsaye a kan bod.

Faifai guda za ka jona a lokaci guda, ba su biyu ba, saboda Linux in ya ga ƴan tagwayen tare yana iya haɗa su da kansa ya fara daidaita su, abin da muke gudu ke nan. Ka tada kwamfutar daga filash, ka buɗe taminal, inda ake rubuta umarni:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Duba siriyal ka gane wane ne mara lafiyar, a ce sdb ne. Kulle shi kar a yi rubutu a kai, sannan ka tambaye shi lafiyarsa:

blockdev --setro /dev/sdb
smartctl -a /dev/sdb

In ka ga wani md127, wato madubin da Linux ya haɗa, ya fito da kansa a jerin, tsayar da shi da mdadm --stop /dev/md127. A cikin dogon rubutun da smartctl zai zubo layi kaɗan ne ruwanka. Lamba 5 sektocin da anka riga anka sauya ma wuri, 197 waɗanda ya kasa karantawa suna jira, 198 waɗanda sunka gagara, 9 awoyin da ya yi a kunne. In 5 da 197 da 198 duk sifili ne amma 199 ta yi yawa, to yi hamdala, galibi kebul ne ko ramin, faifan kalau yake. Masu Windows na iya ganin waɗannan da CrystalDiskInfo, amma ni ban son jona irin wanga faifai a Windows tun farko, yana son taɓa abin da ba a sa shi ba.

Sa kunnenka kuma. Lafiyayye za ka ji ya juya ya ɗan yi kurr ya yi shiru. Wanda ke ƙas-ƙas yana tsayawa yana sake tashi, kan karatunsa ne ya samu matsala, duk minti guda da ya ƙara a kunne yana iya karce farantin da bayanan ke kai, kuma abin da ya karce ya tafi har abada. Wannan ba aikin shago ba ne. Kar a sa shi a firij, kar a bubbuga shi, kar a kwance murfin don "a duba", tazarar da ke tsakanin kan da farantin ƙwayar ƙura guda ta fi ta girma nesa ba kusa ba, ga mu kuma a garin ƙura. Sai dai a naɗe shi a kai ma masu ɗaki na musamman da kayan aikin, a Legas ko Abuja ko waje, ka tambaye su tun a waya ko suna da ɗakin da ba ƙura kuma ko ana biya in ba a samu komai ba. Wanda bai juya ba sam kuma kana jin ƙaurin ƙuna, musamman bayan wuta ta zo da ƙarfi, sau da yawa bod ɗin bayansa ne ya ƙone. Ana canza shi, amma ba a ɗauko na wani a ɗaura kawai ba ko da samfurinsu guda, a yawancinsu akwai ƴar cif mai ƙafa takwas da ke riƙe da saitin wannan faifan shi kaɗai, sai an ɗaga ta an mayar kan sabon bod ɗin. Mai gyaran waya da hannunsa ya faɗa da na'urar iska mai zafi zai iya, in ka tsaya a kansa.

In faifan na juyawa kuma ana ganinsa, aikin gaba shi ne a ɗauki kwafinsa sukutum, sekta bayan sekta, zuwa fayil guda a kan sabon faifai, daga nan duk wani gwaji a kan kwafin za a yi, na asalin ya koma durowa. Abin aikin GNU ddrescue ne na Antonio Diaz Diaz, yana cikin SystemRescue, a Ubuntu kuma sunan kunshin gddrescue. Kar ka yi da umarnin dd zalla ko manhajar kwafar faifai ta yau da kullum, su in sun iske wuri mara kyau ko su tsaya ko su yi ta nacin wurin har faifan ya gaji. Shi ddrescue tsallakewa yake ya kwashe mai sauƙi tukuna. A ce ka ɗora sabon faifan a /mnt/sabo:

ddrescue -d -n /dev/sdb /mnt/sabo/A.img /mnt/sabo/A.map

Na farko inda za a karanta, na biyu inda za a zuba, karanta layin sau biyu kafin ka danna, in ka juya su ba mai ceton ka. Na ukun nan, A.map, shi ne ke riƙe lissafin inda anka karanta da inda ya rage, in wuta ta ɗauke ko ka tsayar don faifan ya huce, kana maimaita umarnin zai ci gaba daga inda ya tsaya. Kar ka taɓa mance shi. Kafa ma faifan ƴar fanka, in ka taɓa shi ka ji hannu ba ya jurewa danna Ctrl da C ka bar shi ya sha iska, ni na fi son in sa irin wanga aiki da dare. Zagayen farko in ya ƙare sai ka koma ma wuraren da anka tsallake:

ddrescue -d -r3 /dev/sdb /mnt/sabo/A.img /mnt/sabo/A.map

Sau uku ya isa, in ka ga lambar ba ta motsi bar shi haka. Kashe, cire A, jona B, ka yi mishi irin wannan da sunan B.img da B.map. Eh, har wanda kake ganin lafiyarsa lau.

Sai a zo ga tambayar wane ne ke da sabon aiki. In NAS ne irin Synology ko QNAP, ko sabar Linux, kusan duk mdadm ne a ƙarƙashi, wato manhajar RAID ta Linux, kuma yana aje shaida a jikin kowane faifai. Buɗe kwafin a matsayin na karatu kawai:

losetup -r -P -f --show /mnt/sabo/A.img

Zai ba ka suna awa /dev/loop0, yankunansa kuma loop0p1, loop0p2 haka. A Synology na farko na tsarin na'urar ne, na biyu na musayar ƙwaƙwalwa, bayananka na cikin babban, galibi na 3 ko na 5. Sai:

mdadm --examine /dev/loop0p3

Duba "Update Time" da "Events". Yi ma B haka. Wanda lambar Events ɗinsa ta fi yawa kuma ranarsa ta fi kusa shi ne ya yi aiki na ƙarshe, ko da shi ne mai ciwon. In bambancin kaɗan ne tare sunka faɗi, in kuwa dubbai ne kuma ranar ta watannin baya ce, ka gane wanda ya daina rubutu. In ba mdadm ba ne, buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka duba ranar fayil na ƙarshe, ka kira wadda ke zama kan kwamfutar kullum, ba oga ba, ka ce Hajiya mi kika shigar ranar ƙarshe, ita za ta faɗa maka rasit ɗin da za ka nema.

Tada madubin da ƙafa guda, na karatu kawai, ka ɗora shi:

mdadm --assemble --readonly --run /dev/md9 /dev/loop0p3
mount -o ro,noload /dev/md9 /mnt/ceto

Wannan noload ɗin na tsarin fayil irin ext4 ne, XFS ro,norecovery yake so, Btrfs ka fara da ro. In ya ƙi ɗoruwa ya ce LVM2_member ne, yi vgchange -ay sannan lvs, ka ɗora sunan da ya nuna maka. Kar ka tada A da B tare, lambar shaidarsu guda ce za su rikita shi. Kuma duk wanda ya ce maka ka yi mdadm --create don ya "dawo", kar ka yi, sabuwar shaida yake rubutawa a kan tsohuwa, in ma dole ta kama sai a kan kwafin kwafi. Dalilin da ya sa ba ka iya ɗora yankin kai tsaye shi ne tsarin shaida na 1.2, wanda shi ne na yau da kullum yanzu, yana zaune 4K daga farkon yankin kuma bayanan na farawa can gaba, saɓanin tsofaffin 0.90 da 1.0 da ke ƙarshe. Don haka ko shaidar A ta lalace, duba "Data Offset" a jikin B, galibi iri guda ne, ka ninka da 512 ka tsallake ta. Misali in 262144 ya nuna:

losetup -r -f --show -o $((262144*512)) /dev/loop0p3

Sai ka ɗora sabon loop ɗin da ya ba ka awa faifai na kowa.

Na Windows ya fi sauƙi. In madubin na Intel RST ne da anka saita a bod, shaidarsa a ƙarshen faifai take, kwafin zai buɗe a matsayin NTFS ba wata wahala, mount -o ro kawai. In madubin Disk Management ne, a wata kwamfuta zai fito da "Foreign" sai an yi "Import Foreign Disks", wannan kuwa rubutu ne, don haka zuba kwafin a kan wani faifai ka yi a can. Masu sabar Dell da katinsu na RAID mai suna PERC, in ya ce ya ga "foreign configuration" zai ba ka Import da Clear, kar ka zaɓi ko guda sai kwafi na hannu, kar kuma ka ƙirƙiri sabon madubi a kansu. In da BitLocker, makullin faifai na Windows, a kai sai an nemo mabuɗin nan mai lamba 48, ba shi ba shiga, ka fara tambaya tun ranar farko.

Ga inda madubi ke biyan kuɗinsa. A ce A ne sabo amma ddrescue ya bar ramuka cikinsa. Da wuya B ya lalace a daidai wurin da A ya lalace, to ana iya cike ramukan daga B, muddin yankunansu da Data Offset iri guda ne. Yi kwafin A.img da A.map zuwa C.img da C.map, sannan:

ddrescue -r1 B.img C.img C.map

Wuraren da map ɗin ya ce ba a samu ba kaɗai zai taɓa. In B tsoho ne abin da zai cike na iya zama tsohon abu, ga hotuna da takardun shekarun baya da ba su canza ba daidai ne, ga ma'ajiyar bayanai da ake rubutawa kullum kuwa sai an gwada an gani.

In har yanzu ya ƙi buɗewa, TestDisk na Christophe Grenier na nemo yankin da ya ɓata kuma yana bari ka kwashi fayil da sunayensu, shi za ka fara gwadawa. Ɗan'uwansa PhotoRec na ƙarshe ne, yana tono fayil ko tsarin ya rushe gaba ɗaya amma ba suna ba folda, sai ka iske dubban f0012345.jpg zube, wani ya zauna ya tantance. fsck ko chkdsk kuma a kan kwafin nan C.img kawai. Abin da madubi ba ya magani shi ne fayil da anka goge ko bairos mai neman kuɗin fansa ya kulle, lokaci guda abin ya samu su biyun, in SSD ne ma TRIM, tsarinsa na share abin da anka goge, kan share wurin ba da daɗewa ba.

Ya buɗe? Kwashe da rsync -av /mnt/ceto/ zuwa wani faifai daban, muhimman foldoji tukuna. Kar ka ce an gama don ka ga sunaye sun jeru, zaunar da mai kayan ya buɗe da kansa, Excel ɗin albashi, hotuna, manhajar akanta ta karɓi fayil ɗinta ta nuna ciniki na ƙarshe.

Sabon madubi kuma da sababbin faifai biyu za a gina shi, in da hali ba na kwali guda ba, mai ciwon ya yi ritaya. In na hannu za ka saya duba lamba 9 kafin ka biya, ana goge jiki a sayar maka da wanda ya yi shekaru a kunne. Saita saƙon gargaɗi ya riƙa zuwa imel ko wayar wanda zai karanta, fitar da akwatin daga sito, sa mishi UPS, sa ya riƙa duba kansa wata-wata, sannan a samu faifan waje da ake kwafa duk Juma'a a tafi da shi gida. A da B da fayilolin img ɗin nan kuma kar ka goge su da wuri, aje su ko wata biyu ne, don sai ƙarshen zango ko lokacin odit wani zai zo ya ce akwai wata folda da bai gani ba.